Mun Rasa Ta

Zuwa ga ƙanwata Farfesa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar wadda ta daɗe ba ta sa ki a ido ba, da fatan kina lafiya, aiki kuma yana tafiya yadda ake so. Mu nan sai godiya. Gwiwar nan tawa tana nan tana mulkinta, in na wuni tsaye a kantin magani sai na koma gida ina jan ƙafa. Baban yara sukarinsa ya sauka, amma jiya na kama shi da alawa a aljihun riga, ya ce wai jikoki ya saya wa. Jikokin da rabonsu da gidan tun watan jiya.

Na zauna na rubuto miki ne don kin san ni da waya. Ina jin muryar mutum sai abin da na shirya faɗa ya gudu, mu ɓuge da gaishe-gaishe.

Auta ta kira ni ranar Asabar tana murna kamar an yi mata albishir da gida da mota. Ta ce, "Umma, an sa ni cikin masu sauka rami." Na ce wane rami kuma? Ta ce inda na'urarku take, wani tsohon ramin haƙar ma'adinai, zurfinsa ya fi kilomita ɗaya. Tana faɗa tana dariya, ni kuwa sai da na nemi kujera.

Ƙanwata, lokacin da na ba ki yarinyar nan ta yi digirinta na uku a hannunki, na ɗauka ofis ne da allo da tarin littattafai. Ba wanda ya ce mini cikin ƙasa za a zura ta da ranta. Na san zumuncinmu ya ɗan yi nisa, kakata da kakarki ne uwa ɗaya uba ɗaya, amma ni tun shekarar da aka kawo ki gidanmu kika kwance wa Baba rediyo kika kasa mayarwa, ban ɗauke ki komai ba sai ƙanwa. Shi ya sa zan faɗa miki kai tsaye: ke kika jawo. Tun hutun da kika zo tana aji uku na sakandare, kika zauna da ita kina zana mata wasu ƙananan abubuwa a bayan kwalin magani, yarinyar nan ba ta ƙara kallon wani aiki ba. Yayyenta kowa ya kama sana'ar da zan iya faɗa wa maƙwabta. Ita kuwa in an tambaye ni sai na ce tana neman abin da ba a gani.

Ki gaya mini gaskiya, me ke cikin ramin nan? Kuma dole ne sai ta sauka? Ke ce shugabar wurin. Ki sa ta aikin sama.

Yayarki

*

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Na ji daɗin wasiƙarki, na yi dariyar alawar har sakatarena ya leƙo. Ki gaishe shi, ki ce na ce ya ji tsoron Allah. Gwiwa kuma ki sayi doguwar kujera ki ajiye bayan kanta, ba wanda zai ce mai magani ta gaza. Ni lafiya lau, sai ciwon wuya na zaman kwamfuta.

Bari na ba ki labarin ramin yadda yake. Da safe muna sa hular kwano da manyan takalma, mu shiga wani keji na ƙarfe tare da ma'aikatan ramin, igiya ta zura mu. Kunne yakan toshe, ruwa yana ɗiga a kafaɗa. A ƙasa akwai dogon lungu mai fitilu, sai ɗakin wanka, domin ba a shiga wurin na'urar da ƙurar jiki. Bayan shi sai wani zaure da ya fi makarantarmu ta firamare girma. A tsakiyarsa tanki yake, cike da wata iska da ake kira argon, an sanyaya ta har ta zama ruwa. Cikin ruwan mun shimfiɗa dubban wayoyi sirara kamar gashin jariri.

Abin da muke jira wata ƙwaya ce mai suna nutrino. Ƙanƙantarta ta wuce misali, tana ratsa dutse da ƙarfe da jikin mutum ba ta taɓa komai. Yanzu haka da kike karatun nan suna ratsa ki ba adadi. Jefi-jefi ɗaya takan yi karo da argon ta bar ɗan sawu, wayoyin su kama. A sama hayaniyar sauran ƙwayoyi ta yi yawa, shi ya sa muka gudu ƙarƙashin dutse.

Ɗalibai suna kiran na'urar Tsohuwa, don ta cika mita kuma ba ta son a taɓa ta. Shekara goma sha huɗu na yi ina gina ta. Hanyar tace argon ɗin nan ni na ƙirƙiro ta tun ina ƙaramar malama, lokacin da manya ke cewa ba zai yiwu ba. Yau duk mai irin wannan aiki da ita yake amfani, har sun laƙa mata sunana, abin da ke ba ni kunya a taro. Ɗalibaina na dā, shida daga cikinsu suna shugabantar nasu wuraren. Ba alfahari nake yi ba, so nake ki san hannun da 'yarki take ciki.

Haɗarin kuma ba zan ɓoye miki ba. Argon ba ta da wari, ba ta da launi. In ta zube takan kore iskar da muke shaƙa, mutum ya faɗi bai san abin da ya same shi ba. Don haka kowa yana rataye da 'yar mita mai ƙara, ga wasu a jikin bango, ga ɗakin mafaka mai ƙofar ƙarfe da iskarsa da ruwansa. Tun da muka fara ba wanda ya taɓa ko suma.

Ba zan iya cire Auta ba, Yaya. Kowane ɗalibi yana yin nasa zagayen. In na ware ta, gobe a ce digirin 'yar gida ne, kuma ita ce za ta fara ƙin yafe mini. Yarinyar nan ta fi ni kai lokacin da nake shekarunta.

In zai rage miki wani abu, ni ma har yau duk sanda kejin nan ya motsa sai tsoro ya kama ni. Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai ke.

Ƙanwarki

*

Farfesa,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, na sayi kujerar, baban yara ne ke zama a kai.

Kin ce in kwantar da hankali, sai kika ƙara tayar mini da shi. Ni mai sayar da magani ce, na san abin da ba shi da wari ya fi kisa. Gubar da ke da ɗaci ai yaro ma tofar da ita yake yi. Tun da na karanta wasiƙarki, in na shiga ɗakin ajiya na rufe ƙofa sai na ji numfashina yana sarƙewa. Shekaranjiya wata mata ta zo sayen maganin tari na miƙa mata na ciwon ido. Allah ya so ta iya karatu.

Auta ta turo mini hoto da hular kwano, ta yi mata yawa, ga haƙora a waje. Na nuna wa babanta ya ce, "Kin ga injiniya." Ya kai wa abokansa na majalisa suna ta sa albarka. Shi bai karanta abin da kika rubuta kan iskar nan ba, ni kuma ban nuna masa ba.

Na ji, ba za ki cire ta ba. Ban ji daɗi ba amma na gane. Abu ɗaya nake roƙo: ranar da take ƙasa, ki kasance a kusa. Ki riƙa ba ni labarinta, domin ita in na tambaye ta sai ta ce komai lafiya, ta koma ba ni labarin Tsohuwarku kamar kakarta ce. Ki gaishe mini da Tsohuwar, ki ce ta riƙe mini amana.

Yayarki

*

Yaya,

Kamar yadda na faɗa miki, an yi gobara a ramin. Yanzu aka tabbatar mini. Mun rasa ta. Duk abin da za a yi an yi. Ba na iya magana yanzu, zan rubuto in na dawo cikin hankalina.

*

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ƙanwata, me kike faɗa mini? Wace gobara? Yaushe kika faɗa mini? Ba abin da ya iso gare ni sai wannan layi uku.

Na kira wayarta, a kashe. Na kira taki har yatsana ya gaji, tana ta ƙara ba a ɗauka. Na kira lambar jami'arku, wata ta ɗauka ta ce ba a ba su izinin cewa komai ba. Izini! A kan 'yata.

Ina kanti saƙon ya shigo. Akwai wani dattijo tsaye yana jiran maganin hawan jini, na ba shi, na karɓi kuɗinsa, har na ce Allah ya ƙara sauƙi. Ya fita. Na sauke ƙofar kantin na zauna a ƙasa.

Ban faɗa wa babanta ba. Na koma gida ya ce me ya sami idona, na ce ƙwaro ne ya faɗa. Ya ci abincinsa, ya kunna labarai, ni ina kallon bayan wuyansa ina tunanin da wane baki zan fara. Kin san zuciyarsa. In na faɗa masa ban san gawa nawa zan yi ba. Yayyenta ma ban kira ba, domin muddin ban furta ba gani nake kamar bai tabbata ba.

Ki amsa mini waɗannan kawai. An fito da ita? Ko tana can ƙasa ita kaɗai cikin duhu? Wuta ce ko iskar nan ce? Ta sha wuya? Wa ke tare da ita? Kada ki bari baƙi su yi mata wanka, ke ce uwarta a can. Ki rufe mata kai, ba ta son sanyi a kunne tun tana ƙarama.

Ba na zarginki. Wallahi ina ƙoƙarin kada na zarge ki. Ki ɗauki waya, don girman Allah.

*

Yaya,

Kin ji muryarta da kunnenki, Auta tana raye, ko ƙwarzane babu a jikinta. Kuka bai bar mu mun yi magana a waya ba, shi ya sa na zauna na rubuta. Ki yafe mini. Ban san da wane harshe zan nemi gafararki ba.

Saƙo biyu na rubuta miki. Na farko ya ce an yi gobara, an fito da Auta da abokan aikinta lafiya, suna asibiti ana duba su. Na rubuta shi a ofishin bakin rami, inda wutar ta lalata layin sadarwa, ashe bai tafi ba. Na biyu na tura daga gida, ina ganin kin riga kin sami na farko. Tsohuwa nake nufi, Yaya. Na'urar muka rasa. Wayar Auta tana can ƙasa cikin akwatin ajiyar kaya, tawa kuma na jefa ta cikin jaka saboda 'yan jarida. Wuni da kwana kina makokin 'yarki saboda sakarcina.

Ga abin da ya faru. Da hantsi wuta ta tashi a ɗakin lantarki na ƙasa. Nan take fitilu suka mutu, keji ya tsaya, injin ko-ta-kwana ma ya ƙi tashi. Mutum uku ne a ƙasa: Auta, da wani ɗalibi, da makanikenmu. Suka bi ƙa'ida suka shige ɗakin mafaka suka rufe. Ni ina sama, kamar yadda kika roƙa. Abin da ya rage tsakaninmu da su tsohuwar wayar tarho ce ta masu haƙar ma'adinai.

Da wuta ta ɗauke, injin sanyaya tanki ya tsaya. Akwai wani famfo a ƙarshen zauren, in an buɗe shi da hannu zai riƙe sanyin har a gyara wuta. In ba a buɗe ba, argon za ta yi ɗumi ta tsere ta bututu, wayoyin nan su tsittsinke. Kowa a ɗakin ya san haka, kowa ya juyo yana kallona. Mitocin bango kuma sun daina turo mana komai, ban san ko iskar zauren tana da kyau ko ta zama ajali ba.

Sai tarho ya yi ƙara. Auta ce.

Ta ce, "Anti, na san famfon. Ni na gwada shi makon jiya. In je in dawo bai fi a sha ruwa ba."

Na ce, "Ba inda za ki."

Ta ce, "Ga mita a wuyana. In ta yi ƙara zan juyo."

Na ce, "In argon ta kwanta a lungun nan, kafin mitar ta gama ƙara kin faɗi."

Makaniken ya karɓi tarho ya ce shi zai je, ya girme ta, ya san hanyar ko a duhu. Na ce shi ma a'a. Mataimakina yana gefena yana cewa, "Farfesa, ki yi tunani, shekara goma sha huɗu." Na ce na fi shi sanin lissafin.

Auta ta sake karɓa. Ta ce, "Anti, aikinki ne. Aikinmu ne gaba ɗaya. Don Allah."

Na ce, "Duk wanda ya taɓa ƙofar nan na kore shi daga aikin har abada. Ki maimaita abin da na ce."

Ta ƙi. Na ce ki maimaita. Ta maimaita, ta ajiye tarho.

Daga nan ban san ko sun bi maganata ba. Na kira ba su ɗauka ba. Na tsaya riƙe da kan tarhon nan ina jin ƙararsa, ina ganinta a raina kwance a lungu da hular nan da ta yi mata yawa. A waje kuma bututun ya fara huci, farin tururi yana tashi sama, ina kallon aikin rayuwata yana bin iska ta taga. Wallahi Yaya ban damu da shi ba a lokacin. Sai bayan la'asar masu ceto suka isa ta wata tsohuwar hanya, suka same su su uku zaune cikin ɗakin.

Da aka fito da su na nufe ta zan rungume ta. Ta kauce, ta wuce motar asibiti. Jiya ma don ke ce ta yarda ta karɓi wayata.

An kafa kwamitin bincike. An ce kada na yi magana da kowa kan lamarin, don haka in kin ji ni shiru, ba wani abu ba ne.

Ƙanwarki mai neman afuwa

*

Farfesa,

Gaisuwa. Muna lafiya, in dai ana kiran wannan lafiya. Har yanzu in waya ta yi ƙara sai na tsaya kallonta kafin na ɗauka.

Da farko na yi niyyar zaginki, na ma rubuta, na goge. Mace mai digiri uku ta kasa rubuta sunan abin da ya mutu! Da kina kusa da na ja miki kunne kamar ranar rediyo. Na yafe, amma kada ki ƙara kiran ƙarfe da sunan mutum a gabana.

Na faɗa wa babanta komai bayan ya ji muryarta. Sai ya ce, "Ashe ƙwaron nan babba ne."

Auta ta kira ni da sabuwar waya. Na zaci kuka za ta yi mini, sai na ji ta a bushe. Ta ce, "Umma, Anti ta kashe aikin mutum ɗari saboda ni. Yanzu kowa kallona yake yi. Da wata ce a ƙasa da ta bar ta ta je." Na ce ke, rufe mini baki, da wata ce ai ita ma tana da uwa. Ta ce ban gane ba. Na ce na gane sarai, ni ce na kwana ina tunanin wa zai yi miki wanka. Sai ta ce ana kiranta.

Yau mako nawa ban ji daga gare ki ba. Na san an hana ki magana, amma ba a hana ki cewa kina ci kina sha ba. Auta ta ce kin rame, wai ta hango ki daga nesa. Kin ga ke nan tana kallonki. Me za su yi miki? Kora ce ko ɗauri? Ki faɗa mini, kada ki bar ni da zato, kin ga abin da zato ya yi mini.

Yayarki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, ina ci, ko da yake ba na jin ɗanɗano. An gama zaman, yanzu bakina a buɗe yake.

Ba ɗauri. Amma akwai abin da ya fi mini ɗauri ciwo. Da aka shiga zauren aka ciro mitocin bango, ashe sun ci gaba da aunawa da batirinsu. Iskar lafiyarta lau, Yaya. Ko ɗigon argon bai zuba a lungun ba. Da Auta ta je da ta buɗe famfon ta dawo, da Tsohuwa tana nan. Ranar da aka karanta wannan sakamako na shiga banɗaki na yi amai.

Zaman kwamitin a wani dogon ɗaki aka yi, su bakwai a gefe ɗaya, ni kaɗai a ɗaya gefen da kwalbar ruwa. Shugabansu mutum ne mai sanyin murya. Ya ce, "Farfesa, ɗalibar da ta nemi izinin zuwa, 'yar'uwarki ce?" Na ce eh, kuma jami'a ta sani tun ranar da aka ɗauke ta. Ya ce, "Da ba jininki ba ce, za ki ba da wannan umarni?"

Tambayar da ta hana ni sukuni ke nan tun ranar gobarar. In na ce eh, ban tabbata ba. Muryarta na ji a tarhon nan, fuskarki kuma na gani. Na ce masa, "Ban sani ba." Lauyan jami'a da ke zaune a baya ya dafe kai.

Cikin waɗanda aka gayyato su ba da ra'ayi akwai wani tsohon ɗalibina, muna kiransa Dogo, yanzu shi ke shugabantar wani babban wurin bincike a wata ƙasa. Ya ɗaga hannu ya ce, "Ita ba ta sani ba, ni na sani." Ya ce lokacin da yake ɗalibi, muna gwaji da wani ƙaramin tanki a ɗakin ƙasa na jami'a, ƙararrawa ta yi kuka, ya tashi zai koma ya ceto aikinsa na shekara biyu. Wai na tsaya a bakin ƙofa na ce sai dai ya bi ta kaina. Ya ce, "Ba ni da dangantaka da ita ko ta maƙwabtaka. Ranar ma ƙararrawar ƙarya ta yi. Shekara guda ban gaishe ta ba. Yau a wurina doka ce, ba mai shiga inda ba a san iskarsa ba, kuma duk ɗalibanta haka suke yi."

Yaya, na manta da wannan rana sam. Ina zaune a gaban mutane hawaye suka zubo mini.

Duk da haka an sauke ni daga shugabanci. Sun ce hukuncina bai saɓa ƙa'ida ba, amma masu ba da kuɗi suna son sabuwar fuska, kuma ba a san ko za a sake gina wata ba. Zan koma aji, ni da allo, abin da kika zata tun farko.

Jiya ina kwashe littattafai daga ofis Auta ta shigo ba sallama. Ta ɗauki kwali ɗaya ta fara zuba takardu. Can ta ce, "Da na je da na dawo." Na ce na sani. Ta ce, "Kuma gobe ma haka za ki ce?" Na ce haka zan ce. Ta ɗaure kwalin ta ce, "Wannan ina za a kai?"

Abin da Tsohuwa ta tara kafin gobara zai ishe ta rubuta rabin kundinta. Sauran rabin Dogo ya ce ta zo wurinsa ta ƙarasa. Ita za ta faɗa miki da bakinta, amma gara ki ji daga gare ni, a rubuce dalla-dalla: wurinsa ma rami ne, kuma ya fi namu zurfi.

Ƙanwarki

*

Ƙanwata,

Sallama. Gwiwa da sauƙi, mai gidan yana gaishe ki, ya ce aji ma aiki ne.

Ta faɗa mini. Na ce mata ta bari na yi tunani, ta ce, "Umma, na riga na karɓa." Ka haifi yaro ba ka haifi halinsa ba. Tun jiya nake cikin fargaba, na san kuma haka zan zauna har ranar da za ta gama. Ba zan ƙara cewa a sa ta aikin sama ba, na ga ba ta da kunnen jin wannan.

Ban san Dogon nan ba, ban san uwarsa ba, ba wata kaka da ta haɗa ni da shi. Tambaya ɗaya gare ni, ki amsa da kalmomin da ba zan karanta su biyu ba. Ranar da 'yata za ta kira shi a tarho tana kuka tana roƙo, ga aikinsa yana ƙonewa a gabansa, zai iya ce mata a'a?

Yayarki

*

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Na kira shi na karanta masa tambayarki yadda kika rubuta ta. Ya ce in faɗa miki zai ce mata a'a, kuma in ta ƙi gaishe shi shekara guda zai jure, ya san ciwon daga ɗaya gefen.

Auta tana raye, tana cikin ƙoshin lafiya, tana zaune a falona yanzu haka tana cinye mini abincin dare. Jirginta ranar Laraba ne. Ni zan kai ta.

Ƙanwarki